Ba kowace haja nake ɗora wa muryata ba

Tallan rediyo na daƙiƙa 30 yana iya cinye mini yini biyu a sitidiyo. Wanda bai san aikin ba gani yake surutu ne kawai, alhali sai an auna kowace gaɓa, an san inda za a ja numfashi, inda kalangu zai shigo, da inda zai yi shiru ya bar sunan haja ya fito fes. Ka gajarta wasali ɗaya, sai garin tuwo ya koma garin Kano, a sake ɗauka daga farko.

Wurin maigidana na koya, Allah ya jiƙansa, tun ana aiki da kaset. Dokarsa ita ce ba a naɗar murya sai haja ta kwana a gida. In sabulu ne, a yi wanka da shi mako guda. In man girki ne, a kai wa uwargida ta soya ƙosai, a ji ta bakinta. Yakan ce mini, "Yaro, mai sauraro bai san mai kamfani ba, muryarka ya sani."

Bara wani Alhaji da muka daɗe muna hulɗa ya shigo da kwalin man shafawa. Na buɗe kwalba ɗaya, wari kamar na maganin ƙwari, babu sunan masana'anta, lambar NAFDAC kuwa an liƙa ta ne da 'yar takarda da nake iya ɓamɓarewa da farce. Yana so in ce mace za ta yi fari cikin kwana bakwai. Na ce, "Alhaji, ina takardar rajista?" Ya ce, "Haba Malam, kai dai karanta, zan ninka maka kuɗin." Na tuna masa hadisin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Na kuma gaya masa tun 2022 dokar ARCON, hukumar da ke kula da tallace-tallace a Najeriya, ta tsananta tantance talla kafin ya fita. Amma ko da babu doka, na ga fatar matan da irin wannan mai ya ƙona, kumatu jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Ya kwashi kwalinsa, har da tallan shinkafarsa da nake yi masa duk shekara. Na ji zafin rashin, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwana uku tsakani na ji tallan a TikTok. Wani yaro ya ɗauka da waya, ya kwaikwayi salona har da yadda nake jan ƙarshen jimla. Irinsu ne suka karya farashi, suna karanta duk abin da aka miƙa musu, har maganin da wai yana warkar da ciwon suga da basir da hawan jini a kofi ɗaya.

Mai ƙarancin inganci kuwa ba na korarsa in har zai gyara. Wata Hajiya mai yaji ta kawo mini nata, ɗanɗano ba a magana, amma ledar tana zuba. Na ce ta dakata da talla, ta sayi injin liƙe leda tukuna. Bayan wata biyu ta dawo, na kai ledar gida, aka ci da dambu. Ranar Asabar muka naɗa.