Gyaran karkataccen hanci, ciki da waje a aiki guda

Shamakin da ya raba ƙofofin hancina ya lanƙwashe har ƙofar hagu ta kusa toshewa, karan hancin ma ya karkace. Daga Damagaram na tafi Yamai wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya haɗa gyaran biyu a kwanciya ɗaya. Ina ganin duk mai matsalar biyu haka ya kamata ya nema.

Shamakin nan gabansa guringuntsi ne, bayansa ƙashi. Likita yana cire wurin da ya lanƙwashe, amma dole ya bar aƙalla santimita 1 ta sama da ta gaba, siffar harafin L. Shi ne ginshiƙin hancin, in aka ci shi karan ya lotsa. Guringuntsin da aka ciro kuma ba a zubar da shi. Ana fere shi siri-siri a ɗinka a gefen karan, ya miƙe shi, ya kuma buɗe hanyar iska. Wanda ya fara gyara cikin kaɗai, ranar da ya koma don siffa sai a tarar guringuntsin da za a yi aikin da shi ya tafi, sai an yanko daga kunne ko haƙarƙari. Ka tambayi likitanka ko yana yin biyun, don ba kowa ba ne.

Ana sa mutum barci, aikin awa 2 zuwa 3. Ana daina shan asfirin da ibuprofen mako 2 kafin nan saboda zubar jini, taba ma a ajiye. Za ka farka hanci a cushe, da baki kake numfashi, ƙasan ido ya kumbura. Robar da ake sawa cikin hancin da madaurin da ake ɗora masa a waje sukan yi kamar mako guda.

Jinyar gida ce mai wuya. Ba fyace majina mako 2, atishawa da baki buɗe, barci kai a ɗage, tabarau sai bayan mako 4 zuwa 6. A alwala na bar shaƙa ruwa, sujada kuma na yi ta da ishara har likita ya ba da izini. Kabu-kabu ka haƙura da shi tukuna, gargada da ƙura duk ba su yi wa sabon ɗinki kyau. In da hali kada ka sa ranar aikin cikin hunturu. Busasshiyar iskarmu tana sa ɓawon jini ya ƙame a ciki, hannu ya riƙa kai kansa. Ruwan gishiri ne maganinsa: gishiri giram 9 a lita 1 na tafasasshen ruwan da ya huce, a wanke a hankali sau da yawa a yini.

Jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, ko ciwo mai ƙaruwa tare da toshewar ƙofofin biyu, a koma asibiti ranar. Jini ne kan taru cikin shamakin, in ba a zuƙe shi ba guringuntsin ya mutu. Iska kan buɗe cikin makonni, amma kumburin kan hancin yakan kai shekara, musamman ga mai kaurin fata.