Yadda newlib ta tona asirin kanel ɗina

Fiye da shekara ina gina ɗan ƙaramin tsarin sarrafa kwamfuta nawa na kaina, don koyo kawai, a kan injin x86-64 da manhajar QEMU ke kwaikwaya. Duk tsawon lokacin da wata printf, wato umarnin buga rubutu a allo, da na rubuta da hannu nake lallaɓawa. Ta san %d na cikakkiyar lamba, ta san %s na rubutu, sauran kuwa sai dai a yi haƙuri. Ranar da na yi sha'awar kunna Lua, wani yaren rubuta manhaja, a kai ne na gane ɗinkin hannu ya kai iyakarsa, domin Lua tana neman realloc da strtod da setjmp da fopen, wato cikakken laburaren C, tarin ayyukan da manhajojin yaren C ke dogaro da su.

Zaɓin laburaren bai ba ni wahala ba. Ita glibc giwa ce, ba ta shiga ɗakina. Ita musl, wadda Rich Felker ya fitar a 2011, tsaf take, amma da yaren Linux take magana kai tsaye, sai na mayar da kanel ɗina, wato zuciyar tsarin, ɗan koren Linux kafin mu fahimci juna. Sai newlib, wadda ta fito daga kamfanin Cygnus tun kafin Red Hat ta saye shi. Don ƙananan na'urori aka yi ta, kuma abin da take nema a wurinka ƴan ƙofofi ne, wato hanyoyin da za ta nemi aiki wurin kanel, da ba su kai ashirin ba: open, close, read, write, lseek, fstat, isatty, sbrk, _exit da ƴan'uwansu.

Shirin farko gajiya ce zalla. Na sa sunan tsarina a config.sub da configure.host, na buɗe masa wuri a ƙarƙashin libc/sys, na kuma koyi cewa idan an ce manhajar shirya gini autoconf 2.69 to ita ɗin ake nufi, ba wadda ta fi ta sabunta ba. Yawancin ƙofofin ma na bogi na yi. fork, mai haifar da manhaja daga wata, ta mayar da -1, wato ta kasa, isatty ta ce i, write kuma ta tura haruffa zuwa tashar sadarwa ta COM1 a adireshin 0x3F8.

Sai na gwada printf("Sannu\n"), injin ya faɗi da kuskure mai lamba 14, wato an taɓa shafin memorin da babu shi. Abin ya ɗaure mini kai. Mene ne haɗin gaisuwa da memori? Ashe kafin printf ta fitar da harafi ko ɗaya, sai ta nemi malloc, mai rabon memori, ta ba ta ma'ajiyar bayit 1024, malloc kuma ta nemi sbrk. Ƙa'idar sbrk ita ce ta faɗaɗa fili sannan ta mayar da tsohuwar iyaka, inda sabon filin ya fara. Tawa sabuwar iyakar take mayarwa. Kamar ka sayar wa mutum fili ne ka nuna masa bayan katanga ka ce ya fara gini. Layi ɗaya na gyara, "Sannu" ta fito.

Wadda ta hana ni barci dare uku ita ce %f, ta lamba mai ɗigo. Lambobi cikakku suna fita lafiya lau, rubutu ma haka, amma da na ce printf("%f", 3.14) sai kuskure mai lamba 13. Na fara zargin ban kunna SSE, sashen injin mai lissafin lamba mai ɗigo, ba, na duba rijistar CR4, a kunne take. Daga nan na ɗora wa newlib laifi. Na buɗe vfprintf.c ina bin sa layi-layi, har da ƙunƙuni, wai yaya laburaren da ya daɗe haka zai kasa buga 3.14.

Da na gaji sai na kai kuka wurin wani yayana a wannan harka. Ko fayil ɗin bai kalla ba, ya ce, "Ƙanena, rabu da newlib. Ka haɗa gdb, ka ga a kan wane umarni ya faɗi, sannan ka karanto mini rsp."

Ita gdb manhajar binciken kuskure ce, rsp kuma rijista ce mai nuna saman sitak, inda manhaja ke ajiyar wucin gadi. Na ta da QEMU da -s, gdb ta shiga ta tashar 1234. Injin a kan movaps ya tsaya, a bakin ƙofar printf, ko aikin bai fara ba. Adireshin da yake son rubutawa kuwa da 8 ya ƙare. Na faɗa masa, ya yi dariya ya ce, "To ka gani."

Ga abin da ke faruwa. Yarjejeniyar System V ta x86-64 ta ce kafin kowane call, dole rsp ta rabu da 16 ba saura. Umarnin movaps ba ya karɓar adireshin da ya kauce wa haka. Ita kuma printf, da yake ba ta san adadin abin da za a miƙo mata ba, tana duba rijistar al, inda mai kira ke faɗin rijistocin xmm, masu ɗaukar lamba mai ɗigo, nawa ya yi amfani da su. Idan sifili ne ta wuce abinta. Idan ba sifili ba ne sai ta adana xmm0 zuwa xmm7 a kan sitak da movaps. Shi ya sa %d ba ta taɓa taka tarkon ba. A crt0 ɗina, wato ƴan umarnin da ke ta da kowace manhaja, akwai wani push guda ɗaya kafin kiran main, bayit 8 kacal, kuma tun ranar farko sitak ɗin kowace manhaja a karkace yake. Tsohuwar printf ɗina ba ta san lamba mai ɗigo ba, don haka ta rufa mini asiri shekara guda. Maganin shi ne and $-16, %rsp kafin call.

Tun daga ranar na sauya tsari. In abu ya fashe, ƙofofina da crt0 nake fara tuhuma, sannan kanel, newlib a can ƙarshe, kuma har yau layin bai taɓa kaiwa kanta ba. Haka aka yi da errno, mai riƙe lambar kuskure: a newlib tana zaune ne cikin struct _reent, sai da na sa #undef errno na bayyana ta a matsayin extern int a fayil ɗin ƙofofi kafin saƙon kuskure ya riƙa isa ga manhaja. Haka kuma da na kunna manhajoji biyu tare lissafinsu ya cakuɗe, saboda kanel ɗina ba ya adana rijistocin xmm idan zai sauya daga wannan zuwa waccan. Na ware wa kowace bayit 512 na fxsave, su ma dole adireshinsu ya rabu da 16. Wannan karon ban manta ba.

Daren da Lua ta tashi, abin da na fara bugawa shi ne print(1/3), ta amsa da 0.33333333333333. Na ɗauki hoton allon na tura wa yayan nawa. Amsarsa ita ce, "Madalla. Fork fa?" Har yanzu -1 take mayarwa.