Taransistocin wuta da nake ajiyewa a akwatin aiki

Da na ƙudura tara taransistocin da za su riƙa zama a hannuna, don kada kowane ɗan aiki ya tsaya jiran kaya, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yawansu. Lambobi ne birjik, kowace da takardar bayananta, kowace tana taƙama da amfiya kaza da wat kaza. Sai na ajiye lambobin gefe, na lissafa ayyukan da nake yi a zahiri. Ashe kashi biyu ne kacal. Ko dai ina son kunna abu da kashe shi, kamar moto ko fanka ko igiyar fitilun LED, ko kuma ina son taransistar ta tsaya tsaka-tsaki tana rage wuta ko tana ƙara wa sauti ƙarfi, kamar a amfilifaya da na'urar daidaita bolt. Aikin farko na MOSFET ne, wato taransistar da ake buɗewa da bolt a ƙafarta mai suna get, na biyu kuma na taransista mai ƙafafu uku da ake kira bes da kolekta da emita. Da na raba su haka, sai rabin ruɗun ya tafi.

Amma kafin a zaɓi lamba ko ɗaya, sai an fahimci zafi, domin shi ne alƙali. Takardar taransista mai lamba TIP41C ta ce tana ɗaukar wat 65. Gaskiya ne, amma da sharaɗin a riƙe jikinta a digiri 25, abin da ba ya samuwa sai da babban ƙarfen shanye zafi. Idan aka bar ta tsirara, gidanta, irin da ake kira TO-220, yana hawa kusan digiri 62 a kan kowane wat ɗaya, cikinta kuwa ba ya jure fiye da digiri 150. Wato wat 2 ne iyakarta, ba 65 ba. Tun da wannan lissafi ya zauna mini, na daina duba babbar lambar da ke shafin farko. Abin da nake tambaya shi ne: bolt nawa zai maƙale a jikin taransistar, amfiya nawa za ta ratsa ta? In ninka su, in ga wat nawa za su koma zafi.

Na gwada wannan da idona a kan igiyar fitilu mai bolt 12 da ke jan kusan amfiya 3. Na fara da TIP120, wadda kusan duk mai koyon Arduino, ɗan allon kwamfuta da ake sarrafa na'urori da shi, ya san ta. Taransistoci biyu ne a gida ɗaya, irin haɗin da ake kira Darlington, shi ya sa ninkinta, wato sau nawa take ninka wutar da aka ba bes ɗinta, ya kai 1000, ɗan abin da ƙafar Arduino ke bayarwa ma ya ishe ta. Fitilun sun kama, amma kafin minti ɗaya ya cika yatsana ya kasa tsayawa a kan ƙarfen bayanta, warin roba mai zafi ya fara tashi. Mita ta nuna sama da bolt 1 ya maƙale tsakanin kolekta da emita, kuma takardarta ta yarda abin ya kai bolt 2 a amfiya 3, wato wat 6 na zafi zalla. Na cire ta na sa MOSFET mai lamba IRLZ44N a gurbinta. Turjiyar wannan idan ta buɗe da bolt 5 ba ta wuce om 0.025 ba. Amfiya 3 sau amfiya 3 sau 0.025 bai kai rubu'in wat ba. Na bar ta tana aiki, na dawo na taɓa, ɗumi-ɗumi kawai, fitilun ma sun ɗan fi haske saboda bolt ɗin da ke ɓata a hanya ya isa gare su.

Saboda haka IRLZ44N ce ta fi yawa a akwatina. Bolt 55 take jurewa, wanda ya wadatar da duk aikin bolt 12 da 24. Sai dai a nan akwai tarkon da nake so kowa ya lura da shi, don harafi ɗaya ne ya raba ta da 'yar'uwarta IRFZ44N. Mai harafin F an yi ta ne don a ba get ɗinta bolt 10, sannan ta buɗe sosai. Mutum zai ga an rubuta tana fara buɗewa daga bolt 2 zuwa 4, ya ce ai bolt 5 ya isa. Wannan lamba kuwa tana nufin inda take barin ɗan abin da bai kai miliamfiya ɗaya ba ya wuce, ba inda take ɗaukar kaya ba. Haka IRF520 da ake yawan liƙawa a ƙananan alluna ana sayarwa don Arduino, ita ma bolt 10 take so. Mai harafin L ita ce ta bolt 5. Idan kuma allon mai bolt 3.3 ne, irin ESP32 ko Raspberry Pi, ba na yarda da ko wacce a cikinsu kai tsaye a kan kaya mai nauyi. Nakan sa ƙaramar taransista irin BC547 ko 2N3904 ta tura get ɗin da bolt mafi girma.

MOSFET ba ta tafiya ita kaɗai, don haka a gurbi ɗaya nake ajiye ta da abokan tafiyarta. Resista mai om 10,000 daga get zuwa ƙasa, wato ɓangaren negetib, don kada ta kunna kanta yayin da allon ke farkawa. Wata mai om 100 a kan hanyar get. Sai dayod da ake gittawa a kan duk abin da ke da naɗin waya, saboda bolt ɗin da naɗin ke maidowa lokacin kashewa yana iya fasa taransistar nan take. Dayod 1N4007 ta isa ga rile, wato makunni mai naɗin waya, amma ga moton da ake sarrafa gudunsa da kunnawa da kashewa cikin sauri na fi son 1N5822. Ina kuma da 'yan IRF4905 da IRF9540N, irin MOSFET da ake kira masu tashar P, don ranar da dole a yanke wuta ta ɓangaren fositib. Ba su da yawa, ba kullum ake neman su ba.

A ɗaya ɓangaren, inda taransista ke aiki tsaka-tsaki, bibbiyu nake saye, irin da ake kira NPN da abokiyarta PNP, tunda sau da yawa da su duka ake haɗa amfilifaya. BD139 da BD140 su ne ƙanana, amfiya 1.5 da bolt 80, sun dace da tura manyan ko ɗaukar ƙaramin kaya. TIP41C da TIP42C su ne na tsakiya, amfiya 6 da bolt 100. Samun su ya sa na ga ba ni da buƙatar TIP31C da TIP32C masu amfiya 3, don duk inda masu amfiya 3 za su shiga a irin aikina, masu amfiya 6 ma za su shiga. Sai TIP3055 da TIP2955 masu amfiya 15 don babban aiki.

Abin da takarda ba ta ɗaga murya a kai shi ne ninkinsu yana faɗuwa idan kaya ya yi nauyi. TIP41C tana iya sauka zuwa 15 a amfiya 3. Idan ana so ta buɗe gaba ɗaya, ƙa'idar da ake bi ita ce a ba bes kashi ɗaya cikin goma na abin da kolekta za ta ja, wato miliamfiya 300. Ƙafar Arduino Uno kuwa miliamfiya 20 aka so a ja daga gare ta. Ka ga ba a ma fara maganar ba. Akwai kuma zanen da ke can cikin takardar, mai nuna iyakar amfiya a kowane bolt. Taransistar da ke ɗaukar amfiya da yawa a bolt 10 ba za ta ɗauki rabinsu a bolt 60 ba, kuma mai haɗa na'urar daidaita wuta dole ya karanta wannan zane kafin ya kunna.

Ƙafafu ma sai an kula. Idan rubutun yana fuskantarka, TIP41C bes ce a hagu, kolekta a tsakiya, emita a dama. BD139 kuwa a juye take, emita ce a hagu. Na rubuta wannan a murfin kowane gurbi. Ƙarfen bayan TO-220 kuma haɗe yake da ƙafar tsakiya, saboda haka idan biyu za su hau ƙarfen shanye zafi ɗaya, sai an sa musu takardar maika da zoben roba a kan ƙusa, tare da ɗan farin man da ke taimaka wa zafi wucewa.

Ita kuwa 2N3055, ina girmama ta. Kamfanin RCA ya fitar da ita a farkon shekarun 1960, amfiya 15, wat 115, a cikin gidan ƙarfe na TO-3, kuma tsofaffin amfilifaya da na'urorin wuta cike suke da ita. Ina ajiye kaɗan don gyara kawai. Ga sabon aiki, huda ramuka huɗu don a zaunar da ita wahala ce da TIP3055 mai ƙusa ɗaya ta ɗauke mini.

Sanannun lambobi su ne aka fi yi wa jabu, musamman 2N3055, da kuma 2SC5200 da 2SA1943 na Toshiba. Mita ba ta tona asirinsu, domin a ɗan ƙaramin gwaji lafiya ƙalau suke nunawa, sai an ɗora musu kaya su mutu. Duk sabon rukunin da ya shigo hannuna, nakan sadaukar da guda. In matse ta a bais in fasa baƙar robar, in duba ɗan silikon da ke manne a kan tagullar. Na gaske yana da faɗi, na jabu kuwa wani lokaci ɗan tsito ne, an lulluɓe shi da farin danƙo. Idan ta ci wannan jarrabawa, sai in ɗauki ta biyu in ɗaura ta a ƙarfen shanye zafi, in ba ta rabin amfiyar da takarda ta faɗa, in bar ta tana aiki ina auna zafin jikinta. Sauran ba sa shiga akwati sai waɗannan biyun sun yi musu shaida.