Masai na lantarki a jirgin ruwa: rowar ruwa ce take kashe shi

Duk wanda yake da ƙaramin jirgin ruwa ko yake aiki a cikinsa ya san in banɗaki ya tsaya to tafiya ta lalace ko da injin jirgin lafiyarsa ƙalau. Abin da yake damuna shi ne da zarar masai na lantarki ya fara gardama sai kaji an ce moto ya ƙone a sayo sabo, alhali sau da yawa moton nan ba ruwansa, laifin na wata 'yar roba ne, ko wayar da ta yi tsatsa, ko kuma, wanda ya fi yawa, masu shiga ne suke rowar ruwa.

Shi fa ba irin na gida bane da ruwa yake zubowa daga sama ya tafi da komai. Moto ne mai jan wutar batir, volt 12 ko 24, yana juya wata 'yar wuƙa da take markaɗe bahaya da tishu, sannan famfo ya tura su cikin tiyo, galibi mai faɗin milimita 38, har zuwa tankin ajiya. Ruwan wankewa kuma ko dai a jawo shi daga teku, ko ya fito daga tankin ruwan daɗi ta wani bawul na lantarki. Masai ƙirar Jabsco, Raritan, Tecma duk kusan tafiyarsu ɗaya, VacuFlush na Dometic ne ya bambanta dan shi zuƙa yake yi.

To ga inda matsalar take. Mutum ya gama, ya danna maɓalli, da ya ga kwanon ya yi fes sai ya saki, shi a ganinsa an gama, bai san abin nan yana kwance cikin tiyo ba, bai kai tanki ba. Fitsari kuwa in ya haɗu da ruwan gishiri ya kwana a wuri ɗaya sai ya riƙa barin wani ɓawo mai tauri na kalsiyam a jikin tiyon, yau kaɗan gobe kaɗan, ranar da ka yanka tsohon tiyo za ka ga ramin da ya rage da ƙyar yatsa zai shiga, zagaye da wani abu fari-fari mai ruwan ƙasa da sai an sa guduma yake farfashewa. Ta wannan ɗan ramin ake so moto ya tura kaya, ba dole ya riƙa nishi ba?

Na san dalilin rowar, tankin ajiya ƙarami ne kuma ba wanda yake so ya cika da wuri. Amma wallahi gara tanki ya cika a kwashe da a ce tiyo ya toshe kuna tsakiyar ruwa. In dole sai an yi tattali, to ko sau ɗaya a yini a yi wanki mai tsawo har ruwa mai tsabta ya ratsa tiyon gaba ɗaya, in za a bar jirgin na kwanaki kuma a ƙarasa da ruwan daɗi. Ruwan khal fari yana narkar da ɓawon in bai yi kauri ba, a zuba, a tura shi cikin tiyo, a ba shi ɗan lokaci a ɗauraye, kar a barshi ya daɗe dan roba ba ta son jiƙo a cikinsa. Wanda ya riga ya zama dutse kam, canza tiyon kawai.

Sai 'yar robar nan da ake kira joka bawul, tana nan a mafitar famfo, bakinta a matse kamar na agwagwa, tana barin kaya su wuce amma ba ta bari su dawo. In ka ga bayan an wanke ruwa mai datti yana dawowa cikin kwano a hankali, ita ce ta saki baki. Ni ina ganin a canza ta duk shekara ko ba ta nuna alama ba, kuma wajen sakawa bakin ya kalli inda ruwan yake tafiya, in aka juya ta ba abin da zai fita.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya: rufe bawul ɗin jikin jirgi, na inda ruwan teku yake shiga da na inda datti yake fita, cire fis, sa safar hannu, ajiye bokiti da tsumma kusa. Maganar fis ɗin nan da gaske nake, wuƙa ce a ciki, wani zai iya danna maɓalli yatsanka yana wurin.

Kunne ma kayan aiki ne. In ka danna kaji shiru ɗif, fara da fis da makunni da kan wayoyi, za ka iya tarar da wani koren gari ya cinye mahaɗar, iskar gishiri ce take jawo shi. Ka gwada wuta da mita a bakin moton lokacin da ake danna maɓallin, ba yana hutawa ba, dan moton nan yana jan wuta sosai kuma siririyar waya ko doguwa tana zubar da ƙarfin a hanya. In kuma yana gurnani amma ba ya juyawa, abu ne ya naɗe wuƙar, gashi, zare, audugar mata ko jiƙaƙƙen tishun goge jarirai wanda ba ya narkewa ko an rubuta a ledarsa cewa yana bin masai. Saki maɓallin nan take, nacin dannawa shi ne yake ƙona moton da gaske. Baƙi kuma a gaya musu tun kafin su shiga, ba abin kunya bane.

Wari kuwa ba ko yaushe daga tanki yake ba. In wankin farko bayan kwanaki ne yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙananan halittun ruwan teku ne suka mutu a tiyon shiga. In kana zargin tiyon fita, jiƙa tsumma da ruwan zafi ka naɗa masa, in ya huce ka sansana, in tsumman ya ɗauki ɗoyi to warin ya ratsa robar kuma ba sabulun da zai fitar. Tankin kuma yana da bututun shan iska, zanzaro ma yakan toshe shi da laka, in ya toshe ƙwayoyin da suke cin dattin da iska su mutu, masu ɗoyi su samu wuri. Bilic na wanki kar ya shiga masai, yana cin roba, yana kashe ƙwayoyin masu amfani, in ya haɗu da ruwan khal kuma iska mai guba yake fitarwa.

Wajen zubarwa a bi dokar ruwan da ake ciki. A Amurka haramun ne a zubar da ɗanyen datti ƙasa da mil 3 daga gaɓa, manyan jirage kuma yarjejeniyar MARPOL ta ƙasashen duniya kan hana jirage gurɓata teku, wadda sashenta na dattin banɗaki ya fara aiki a 2003, ta sa musu mil 12 na teku.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne masan da yake ƙasa da layin ruwa, wato iyakar inda ruwan teku yake kaiwa a jikin jirgi. Ruwan teku zai iya zuƙo kansa ta tiyo ya cika kwano ya malala, kuma jirage sun nutse ta haka. Shi yasa ake ɗaga tiyon a lanƙwasa shi sama da layin ruwa, a sa ɗan bawul na iska a ƙoƙuwarsa. Gishiri yana daskarar da bawul ɗin, dan haka a riƙa kwance shi ana wankewa da ruwan ɗumi, kuma duk wanda zai bar jirgin ba kowa ya rufe bawul ɗin jikin jirgi da hannunsa kafin ya sauka.