Tallafin da ba sai an rubuta sunanka ba

Jiya da la'asar Inna ta aike ni gidan Goggo, na tarar tsakar gida cike da mata ana ta cacar baki kan kuɗin file sosiyo, wato tallafin kuɗi da ake ba gidajen talakawa, wai wance an rubuta ta wance an tsallake ta. Goggo na ganina ta ce "yawwa ɗan lakol, zo nan, kuɗin nan na gomnati ne ko na nasara?" Na ce Goggo duka biyun ne, gomnatin Kamaru ce da Bankin Duniya suka haɗa hannu, kuma ba yau aka fara ba, tun 2013 aka yi gwajin farko a Souledé-Roua nan kusa da mu da kuma Ndop can Arewa maso Yamma.

Ga wanda bai sani ba, gidan da aka zaɓa ana ba shi sefa dubu 20 duk bayan wata biyu, sai a wata na 12 da na 24 a dunƙule masa dubu 80, gaba ɗaya dubu 360 kenan cikin shekara biyu. Dubu 20 ɗin kam ciki take tafiya, dawa da sabulu da ɗan kuɗin APEE na yara (kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai a makaranta) shikenan ta ƙare, balle in ta faɗo a watan Agusta da rumbu ya yi ƙasa. Dubu 80 ɗin ce mai magana, na san wata bazawara da ta sayi awaki biyu da buhun gyaɗa ta kama ƙuli-ƙuli da mai, yanzu har adashi take zubawa duk sati, kuma wallahi ban raina wannan ba ko kaɗan.

Amma fa lis ne, wato sai sunanka na cikin jerin waɗanda aka zaɓa. Kuma duk inda aka ce lis a unguwar da kusan kowa talaka ne to an kunna wuta, gida goma duk tuwo sau ɗaya suke ci a rana sai a ɗauki uku, sauran bakwai ɗin me za ka ce masu? Mutane biyu da suka shekara ashirin suna aron turmi a tsakaninsu sai ka ga gaisuwa ta gagara, ana zargin juna da cewa wance ƴar gidan wane ce shi ya sa, ko da kuwa ba haka ba ne. Ga maganar katin ɗan ƙasa, tsohuwar da ko takardar haihuwa ba ta da ita ina za ta fara.

Shi ya sa ni a wajena shek sante, wato takardar kula da lafiyar masu ciki, ya fi. Mace mai ciki ta je asibitin da ke cikin tsarin ta biya dubu 6, shikenan, awo da hoton ciki da haihuwa har tiyata in ta kama, da kula da ita da jinjiri har kwana 42, wato ta yi arba'in har da ɗoriyar kwana biyu. Babu wanda zai zo ya leƙa rufin ɗakinki ya ga ko kwano ne ko ciyawa kafin ya yanke ke talaka ce. Ƙanwar matata bara haihuwa ta zo mata da gardama cikin dare aka ce sai an yi aiki, mijinta ɗan moto ne, da ba don wannan takarda ba na rantse sai babur ɗin ya tafi, to da me za su ci bayan suna? Haka maganin zazzaɓin cizon sauro na yara ƴan ƙasa da shekara 5, kyauta ne a asibitin gomnati, amma iyaye nawa suka sani, bayanin duk da Faransanci yake a manne jikin bango.

Da na gama wannan dogon bayani Goggo ta kalle ni ta ce "to ni da na daina haihuwa tun kana goye fa?" Aka kwashe da dariya. Na ce Goggo ai ga matar Babangida can da ciki wata biyar ko awo ba ta fara ba. Ta ce mijin ne ya ce babu kuɗi. Na zaro dubu 6 daga kuɗin cefanen Inna na ajiye mata kan tabarma, yanzu tunanin da nake shi ne abin da zan faɗa wa Inna in ta tambayi canji.