Kafin Ku Raina Darasin Noma

Ƙannena 'yan sakandare, maza da mata, akwai darasi guda a jadawalinku da yawancinku ke yi wa kallon cikon benci, wato kimiyyar noma. Ana ɗaukarsa ne don an ce yana da sauƙin ci. A haddace rabe-raben ƙasa da sunayen cututtukan kaji a daren jarrabawa, a juye su a takarda da safe, shi ke nan an rabu. Ni ma haka na yi, kuma na fita da maki mai kyau. Sai Allah ya ƙaddara ta hanyar noman nan zan ci abinci, a nan ne ido ya raina fata.

Ranar zuwa gonar makaranta ba wanda ya kai ni iya zamewa. In ba ciwon kai ba, to an aike ni ofishin malamai. Muna da ɗan uzuri, don a makarantarmu duk wanda ya yi laifi fartanya ake miƙa masa, har muka tashi muna ganin gona wurin hukunci ce. Har gobe ina nan a kan cewa malamin da ke hukunta ɗalibi da noma darasin abokin aikinsa yake kashewa. Amma uzurin bai rage mini asarar ba ko kaɗan.

A gonar da na fara aiki, mai gidana ya ce masara na bukatar kilo 60 na sinadarin naitirojin a kowace hekta a zubi na biyu, in je in fitar da taki. Na shiga sito na auno kilo 60 na takin yuriya, ina ji da kaina. Ga shi an rubuta 46 ɓaro-ɓaro a jikin buhun, ni kuma ban taɓa tambayar me lambar take nufi ba. Nufinta, a cikin kowane kilo 100 na yuriya, kilo 46 ne kawai naitirojin. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 ke nan. Mai neman kilo 60 sai ya zuba kusan kilo 130 na yuriya, buhu biyu da rabi da 'yan kai. Abin da na zuba bai kai rabin abin da ake so ba. Na ƙara da watsa shi a kan busasshiyar ƙasa ban rufe ba, alhali yuriya in an bar ta a fili wani kaso nata iska yake bi. Ba a jima ba ganyen ƙasa ya fara yin rawaya daga tsini, rawayar tana bin jijiyar tsakiya tana shiga ciki. Mai gidan ya tsinko ganye ɗaya ya miƙo mini, ya ce, "Yaro, karanta mini wannan." Alamar ƙarancin naitirojin ce, kuma na rubuta ta daidai a jarrabawa, amma ban taɓa ganinta a jikin shuka ba.

Lissafin da ya kayar da ni na 'yan ƙaramar sakandare ne, kashi cikin ɗari kawai. Haka lambobi ukun da ke jikin buhun NPK suke, naitirojin da fosfaros da fotashiyam a jere. In an ce 15-15-15, buhu mai kilo 50 kilo 7.5 na naitirojin gare shi, wato sai an haɗa buhu uku kafin a kamo ƙafar buhun yuriya guda. Wanda bai san wannan ba, ko dai ya bar shuka da yunwa ko ya ƙona ta, kuma duk biyun kuɗi ne ya zubar.

Saboda haka kada wani ya ruɗe ku cewa mai son noma ba ruwansa da lissafi da kemistiri. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma shuka ba ta iya ɗaukarta kai-tsaye. A 1909 wani masanin kemistiri a Jamus, Fritz Haber, ya nuna yadda za a kamo ta daga iska a mayar da ita amoniya, Carl Bosch kuma ya kai dabarar matakin masana'anta a 1913. Daga wannan aiki yuriyar da na yi wasa da ita ta samo asali. In kuna son ganin yadda halitta ke yin aikin nan ba tare da masana'anta ba, ku tumɓuke wake ko gyaɗa a gonar makaranta, ku wanke saiwar. Za ku ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta. Ku tsaga ɗaya da reza. In cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin bakteriya da ke ciki suna kan aikin kamo naitirojin. Dalilin da ya sa ake cewa a riƙa sauya shuka tsakanin hatsi da dangin wake ke nan. Minti biyar za ku yi, amma ba za ku sake bukatar hadda a kan wannan babi ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na bar sakandare ba ni da komai a hannu da zan nuna in ce ga abin da na taɓa yi. A Amurka, tun dokar Smith-Hughes ta 1917 gwamnati ke ba da kuɗi don koyar da noma a sakandare, a 1928 kuma aka kafa ƙungiyar ɗaliban noma ta FFA. Tsarinsu ƙafa uku gare shi: karatun aji, da ƙungiyar da ke koya wa ɗalibi magana a gaban jama'a da shugabanci, sai kuma wani aiki na kansa da malami ke sa wa ido, wanda dole ya riƙa rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita. Wannan na ukun ba sai an kafa muku doka ba. Kunya huɗu ta isa, ko 'yan tsaki goma, ko tumatir a cikin bokiti, tare da littafin rubutu guda da ba za a haɗa shi da komai ba.

A ciki ku rubuta ranar shuka da sunan irin, da tazarar da kuka bari, da ranar da ya tsiro, da abin da kuka zuba da nauyinsa, da duk kuɗin da kuka kashe komai ƙanƙantarsa, da abin da kuka girba bisa sikeli. Tun kafin shuka ma akwai abin rubutawa. Ku ƙirga ƙwaya 100 na irin, ku jera a kan jiƙaƙƙen tsumma, ku naɗe, kada ku bari ya bushe. Bayan mako guda ku ƙirga waɗanda suka tsiro. In 85 ne, kun san ƙarfin irinku. In 50 ne, kun tsira daga shuka gona mai giɓi. Gregor Mendel, wanda ake koya muku dokokinsa na gado a bayoloji, da ƙirga ya yi zarra. Daga 1856 zuwa 1863 yana shuka dubban tsirran wani nau'in wake a lambu, yana ƙirga masu tsawo da gajeru yana rubutawa, har ya ga rabon masu tsawo uku ga kowane gajere ɗaya na ta maimaita kansa.

Masu sha'awar kaji su fi kowa riƙe littafin nan. Abinci kaɗai kan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Na taɓa sayar da kaji ina murnar riba, sai daga baya na tuna ban sa kuɗin abincin da aka riƙa taimaka mini da shi a lissafi ba. Da na sa, faɗuwa na yi. Littafi irin wannan, da datti da alamar ruwa a jikinsa, ya fi dogon bayani tasiri a gaban mai ɗaukar aiki ko mai ba da rance.

Sai batun fagen aikin kansa, wanda na ɗauka daga fartanya sai garma. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan kashi 14 cikin ɗari na abincin duniya yana salwanta tsakanin girbi da isa kasuwa. Kowane kashi a nan aikin wani ne: mai ƙera injin busarwa, da mai kula da rumbu wanda ya san hatsi sai danshinsa ya sauko wajen kashi 13 kafin a ajiye, da mai ɗakin sanyi, da mai sarrafawa. A 2011 aka ayyana an kawar da cutar bushiya ta shanu daga doron ƙasa, aikin likitocin dabbobi da masu haɗa rigakafi ne. Norman Borlaug, wanda ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970 saboda irin alkama da ya inganta a Meziko, da karatun gandun daji ya fara kafin ya koma nazarin cututtukan tsirrai. Ga masu gwajin ƙasa, da injiniyoyin ban ruwa, da malaman gona, da masu inshora, da masu duba lafiyar gona ta hoton tauraron ɗan'adam. 'Yan mata, yawancin ayyukan nan ba ƙarfin damtse suke nema ba, kada ku bari a ware ku zuwa gefen inuwa ranar aikin gona.

Ni likitan dabbobi na so zama, amma sai a ajin ƙarshe na binciki sharuɗɗan shiga. Galibin jami'o'i suna neman kemistiri da bayoloji da fiziks, ni kuwa na daɗe da yin watsi da kemistiri, ba yadda za a yi in cike ramin cikin 'yan watanni. Ku tun a ajin farko na babbar sakandare ku nemo sharuɗɗan kwas biyu ko uku da ke burge ku, ku kwafe su, ku kai wa malamin noma ya duba tare da ku.

In an yi hutu, ku roƙi wani mai aikin ya bar ku ku bi shi ko da na mako guda ne, ko da ɗaukar jaka za ku yi. Likitan dabbobi, ko mai gonar kaji, ko mai sayar da iri da maganin feshi. Ku tambaye shi me ya karanta, wane darasi yake amfani da shi kullum, wane wata ne aikin ya fi tsanani, kuma mene ne ya taɓa jawo masa asara mafi girma. Amsar ta ƙarshe ku rubuta ta da kyau, ku sa kwanan wata.