Godiya ga 'Yan Uwa da Abokan Arziki, Daga Kano Har Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, daren jiya bayan sallar isha'i muka shigo Kano lafiya, ni da Hajiyarmu da maiɗakina da yara huɗu, bayan kwana tara muna zagayen zumunci. Na so in kira kowa a waya, amma waɗanda suka yi mana hidima sun yi yawa, wasunsu ma ko lambarsu ba ni da ita. Shi ya sa na zo nan in yi godiya a idon jama'a.

Wannan tafiya ta Hajiya ce, mu rakiya muka yi. Mahaifinta bafatake ne, yana ɗaukar baƙin rini na Kura da kayan Kasuwar Kurmi ya kai Damagaram, ya dawo da kanwa da dabino. A can unguwar Zango ya yi aurensa na fari, a can aka haifi yayar Hajiya, wadda muke kira Inna. Rabonsu da ganin juna tun 2018. Sai aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, korona ta biyo baya, ana cewa an samu sauƙi kuma aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Tafiyar da ba ta kai kilomita 250 ba ta zama kamar ta bangon duniya. Kullum Hajiya ta idar da sallar asuba sai ta ce mini, "Ka kai ni in ga Yaya tun muna da rai." Da aka ba yara hutun ƙarshen shekara na ce to, ba sauran uzuri.

Godiyata ta farko ga maƙwabtanmu na Gwammaja. Mun bar musu makulli da akuyoyi biyu da kaji, mun dawo mun tarar an share tsakar gida, randa cike da ruwa, ga tuwo da miyar kuka a rufe suna jiranmu. Allah ya bar maƙwabtaka.

Zangonmu na farko Kazaure, wajen abokina da muka yi Kwalejin Rumfa tare. Shekara goma sha ɗaya ba mu haɗu ba sai gaisuwar WhatsApp. Na ce masa gaisawa kawai za mu yi mu wuce, ya ce wallahi ba a yi haka ba. Ya zare makullin motar ya sa a aljihunsa. Muka kwana, muka raba dare muna tuna malamanmu, muna ƙirga 'yan ajinmu da suka riga mu gidan gaskiya muna yi musu addu'a. Aminina, na gode. Ka miƙa godiyata ga uwargida, dambun da ta yi mana guzuri shi ya kai mu har Daura.

A Daura mun sauka gidan Kawu, ƙanin Hajiya, kwana biyu. 'Ya'yansa taubasaina ne, kuma ba su raga mini ba ko kaɗan, tun daga zaure suka fara tsiya. Yarana ba su taɓa ganin wasan taubasantaka ba, har ƙaramar ta ɓata rai tana zaton faɗa ake yi da babanta, sai da Hajiya ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Kawu da kansa, duk da ciwon gwiwa, ya kai yaran Rijiyar Kusugu. Labarin Bayajidda da Daurama da macijiya sun karanta shi a makaranta, amma ranar suka leƙa rijiyar da idonsu, suka sha ruwanta. Kawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Muka ƙetare ta Kongolam zuwa Ɗan Barto. Takardunmu na mutane da na mota a cike suke, ma'aikatan ɓangarorin biyu suka duba suka sallame mu cikin mutunci, wani ma da ya ga tsohuwa a mota sai ya sa aka fara da mu.

Bayan mun wuce Matameye, kafin Takeita, tiyon lagireto ya fashe. Tururi ya turnuƙe gaban mota, ga hazo, ga iskar hunturu, ga layin wayata na Najeriya ya ɗauke. Ba mu yi minti goma a tsaye ba sai ga wani dattijo daga wani ɗan ƙauye a gefen hanya, da tabarma a hammatarsa. Bai tambaye mu daga ina ba, bai tambaye mu ko su wa muke ba. Ya shimfiɗa wa Hajiya a gindin gawo, ya aika jikarsa ta kawo fura a ƙwarya. Ya tsayar da wani ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓa a wajenmu, ya tura shi Matameye ya ɗauko bakanike. Yaron ya zo da tiyo ya ɗaura, mata suka kawo ruwa a jarka aka cika lagireto. Na ce nawa ne, ya faɗi kuɗin tiyo kawai. Na ce na aikinka fa? Ya ce, "Alhaji, kai da ka ɗauko tsohuwa za ka kai ta wajen 'yar uwarta? Ta sa mini albarka ya isa." Na yi juyin duniya ya ƙi karɓa. Dattijon nan da bakaniken nan ban san sunayensu ba. Duk wanda ya karanta wannan daga yankin Matameye ko Kance, idan labarin ya iso kunnensa, don Allah ya gaya musu mutanen Kano mai farar mota sun isa lafiya, kuma Hajiya tana ambatonsu a addu'a.

Da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tun hantsi, an ce ta ƙi cin abinci. Idonta ya yi rauni yanzu, ba ta gani sosai. Hajiya ta yi sallama daga soro, Inna ta miƙe ba sanda tana cewa, "Muryar ƙanwata ce." Suka rungume juna, ba mai magana, sai hawaye. Ni da nake tsaye da jaka a hannu sai da na koma waje na share nawa. Daga ranar har muka taho gado ɗaya suke kwana, da dare kana jiyo su suna hirar mahaifinsu da mutanen da mu ba mu taɓa sani ba.

'Ya'yan Inna da jikokinta, ban san da wane baki zan gode muku ba. Kowa ya san Damagaram da wahalar ruwa, amma kowace asuba sai mun tarar da ruwan zafi a bokiti. Sai daga baya maiɗakina ta gano saye kuke yi wajen 'yan garuwa, ku kuna taƙaita naku. Kun fita daga ɗakunanku kun ba mu. Kun kai yara Birni suka ga fadar Sarkin Damagaram da manyan duwatsun nan da gidaje suka kewaye, kuka gaya musu garin shi ne babban birnin Nijar kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Kun kai mu Kasuwar Dole kuka koya musu lissafin sefa, cewa dala ashirin ita ce sefa 100, jaka guda kuma 1,000. Babban ɗana yanzu lakkwal yake cewa maimakon makaranta. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne ranar da za mu taho, da na ga yaranmu da naku sun haɗa kai suna kuka, su da kwana biyar baya ba su san da juna ba.

Kilishi da dabino da takalman fata da kuka cika mana mota da su, mun fara rabo yau da safe, kowa yana sa albarka.

'Yan uwanmu na Magarya, ku yi mana afuwa. Mun yi niyyar dawowa ta wajenku mu fito ta Babban Mutum, amma jikin Hajiya ya gaji, yara kuma za su koma makaranta. Idan Allah ya kai mu bayan ƙaramar sallah, da ku za mu fara.

Inna ta yi alkawarin zuwa Kano a duba mata idonta. Mun riga mun gyara mata ɗakin da ke kusa da na Hajiya, kuma ni da kaina zan zo in ɗauke ta, in sha Allahu.